Gahawar Habasha mai ɗanɗanon 'ya'yan itace: Yadda ƙananan manoma suka haɗa kai suka ƙwato sunan amfanin gonarsu

Idan aka ambaci gahawa, wadda wasu ke kira kofi, abin da ke fara zuwa a zuciyar da yawa daga cikinmu shi ne garin nan mai ɗaci da masu shayi ke barbaɗawa a cikin madara da safe, ko kuma wadda alhazai ke sha da dabino a ƙasa mai tsarki. To amma akwai wata irin gahawa da ake nomawa a kan tsaunukan kudancin ƙasar Habasha, wadda idan aka soya ta sama-sama aka dafa ba tare da sukari ko madara ba, sai mutum ya ji ƙamshin furanni da ɗanɗanon lemo, ko na nunannen mangwaro, ko na zabibi, har ya yi zaton an zuba mata wani abu, alhali kuwa ba a sa mata komai ba.

Wannan gahawa ta musamman ita ce masu shagunan shan kofi a Amurka da Turai da Japan da Koriya ta Kudu ke rububin saye, kuma sukan biya kuɗin da ya ninka na gahawar gama-gari sau da yawa. Abin lura shi ne, waɗanda ke noma ta ƙananan manoma ne, da yawansu ma gonarsu ba ta cika hekta ɗaya ba. A wannan makon za mu duba inda wannan ɗanɗano yake fitowa, da kuma tambayar da ta fi damun manomin, wato nawa ne ke komawa aljihunsa daga cikin kuɗin da ake biya a can ƙetare.

Mahaifar gahawa

Masana tsirrai sun yi ittifaƙi a kan cewa nau'in gahawar da ake kira arabika, wanda ya fi kowanne daraja a kasuwa, asalinsa daga dazuzzukan kudu maso yammacin Habasha ne, irin su yankin Kafa, inda har gobe take tsirowa da kanta a ƙarƙashin manyan itatuwa. Akwai labarin wani makiyayi mai suna Kaldi da aka ce shi ya fara lura da yadda awakinsa ke tsalle-tsalle bayan sun ci 'ya'yanta, sai dai wannan hikaya ce kawai ta baka. Abin da tarihi ya tabbatar shi ne, a ƙarni na 15 sufaye a ƙasar Yaman suna shan ta domin su raya dare da zikiri, daga nan ta bazu zuwa Makka da Alƙahira da Santambul, kuma tashar jiragen ruwa ta Moka da ke Yaman ta daɗe tana riƙe da cinikinta.

A yau Habasha ce kan gaba wajen noman gahawa a nahiyar Afirka, tana kuma cikin ƙasashe biyar da suka fi noma ta a duniya. An ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 15 ne abincinsu ya dogara a kanta, kuma fiye da kashi 90 cikin 100 na abin da ake samu daga hannun ƙananan manoma yake fitowa. Wani abin da ya bambanta Habasha da sauran ƙasashen Afirka masu noman gahawa shi ne, kusan rabin abin da ta noma 'yan ƙasar ne ke shanyewa. Suna kiran ta buna, kuma a gidajensu mace kan soya ɗanyar ƙwayar a gaban baƙi, ta daka, ta dafa a wani tulun yumɓu mai dogon wuya da ake kira jabana, ana turaren wuta, a sha zagaye uku, kamar dai yadda ake yi wa shayi dahuwa uku a majalisun Nijar. Ke nan manomin Habasha ya san ɗanɗanon abin da yake nomawa.

Ina ɗanɗanon yake fitowa?

Ya kamata mai karatu ya sani cewa ƙwayar gahawa iri ce da ke cikin ɗan itace. 'Ya'yan gahawa ƙanana ne, girmansu bai wuce na magarya ba, suna farawa kore, su koma ɗorawa, sannan su yi jawur idan sun nuna. A ƙarƙashin ɓawon akwai 'yar tsoka mai zaƙi da yauƙi, a cikinta kuma ƙwaya biyu suna fuskantar juna. Saboda haka ba abin mamaki ba ne a ji ɗanɗanon ɗan itace a cikinta, matuƙar ba a lalata shi a hanya ba.

Abu na farko da ke haifar da wannan ɗanɗano shi ne tudu. Garin Yirgachefe da ke yankin Gedeo, da maƙwabtansa na Sidama da Guji, gonakinsu suna tsakanin mita 1,700 zuwa sama da 2,000 daga gaɓar teku. A irin wannan tsayi dare yana da sanyi, don haka 'ya'yan ba sa gaggawar nuna, sukan ɗauki lokaci suna tara zaƙi da irin tsamin da ake samu a lemo da tuffa. Ga kuma inuwa, domin mutanen Gedeo suna shuka gahawarsu ne a bayan gida tare da manyan itatuwa da wata irin ayaba da suke kira enset, wadda jikinta da saiwarta ake sarrafawa a ci. Wannan tsarin noma ya sa hukumar UNESCO ta sanya yankin Gedeo cikin jerin wuraren tarihi na duniya a shekarar 2023.

Abu na biyu shi ne iri. Gahawar arabika da ake nomawa a Barazil da Kolombiya da sauransu ta samo asali ne daga 'yan tsirarun itatuwa da aka fitar ta Yaman, amma a Habasha nau'o'in suna da yawan gaske. Manoma na da nasu na gado da suke kira kurume da dega da wolisho. Bayan da wata cuta mai ruɓar da 'ya'yan gahawa ta ɓulla a ƙasar a 1971, cibiyar binciken aikin gona ta Jimma ta shiga daji ta zaɓo nau'o'in da ke jure cutar, cikinsu har da masu lamba 74110 da 74112, waɗanda a yau ake ganin lambobinsu a jikin fakitin gahawa mai tsada a ƙasashen waje. Hatta nau'in Gesha da ya yi wa ƙasar Panama suna, bayan an sayar da laba ɗaya a kan dala 21 a wani gwanjo a 2004, an ɗebo shi ne daga dajin Gesha na Habasha a shekarun 1930. Laba ɗaya dai giram 454 ne, wato ya gaza rabin kilo da kaɗan, kuma da shi ake auna gahawa a kasuwar duniya.

Abu na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne abin da ake yi wa 'ya'yan daga lokacin da aka tsinke su, kuma a nan ne aikin hannun ɗan Adam ya shigo. Kakar tsinka tana kamawa ne daga wajen watan Oktoba zuwa Janairu. 'Ya'yan da ke reshe guda ba sa nuna lokaci ɗaya, don haka sai an riƙa komawa itace ɗaya sau da yawa ana zaɓar jajayen kaɗai. Ɗanye yana kawo bauri, wanda ya zarce nuna kuma yana kawo warin ruɓa, kuma 'yan ƙwayoyi kaɗan marasa kyau sun isa su zubar da darajar buhu guda.

Hanyoyin sarrafawa iri biyu ne. A ta farko, wato wankakkiyar gahawa, ana kai 'ya'yan masarrafa a ranar da aka tsinke su, inji ya ɓare ɓawon, a jiƙa ƙwayar a kwarmin siminti na kwana ɗaya zuwa uku har yauƙin ya saki, a wanke ta tas, sannan a shanya. Wannan ita ke ba da ƙamshin furanni da tsamin lemo da aka san Yirgachefe da shi. A hanya ta biyu kuwa, ana shanya ɗan itacen ne ɗungurungum da ɓawonsa, na tsawon mako biyu zuwa huɗu, ƙwayar tana tsotsar zaƙin tsokar har ta bushe, sannan a casa. Ita ce tsohuwar hanyar da aka gada, wadda mutanen Harar suka shahara da ita, kuma ita ke ba da ɗanɗanon zabibi da sitiroberi da nunannun 'ya'yan itace.

Shekara da shekaru ana ɗaukar busasshiyar gahawa irin ta biyu a matsayin ta baya, saboda yawanci a ƙasa ake shanya ta, ta kwashi ƙura da danshi da fumfuna. A tsakiyar shekarun 2000 ne wasu masu masarrafa da ƙungiyoyin manoma a Yirgachefe da Sidama suka fara yi mata irin kulawar da ake yi wa wankakkiya. Suka riƙa shanya ta a kan dogayen gadaje na katako da raga masu tsayin ƙugu domin iska ta ratsa ta sama da ƙasa, ana baza ta ba kauri, ana juyawa a kai a kai, ana rufewa idan rana ta take ko hadari ya taso, mata kuma suna bin ta da hannu suna tsince marasa kyau. Ana bukatar kilo biyar zuwa shida na jajayen 'ya'ya kafin a sami kilo ɗaya na ƙwayar da za a fitar waje.

Daga nan sai ɗanɗanawa. Ƙwararru kan soya samfur, su niƙa, su zuba a kofuna biyar, su kwarara ruwan zafi, bayan minti huɗu su shinshina, sannan su riƙa zuƙa da cokali suna ba da maki. A tsarin da aka daɗe ana amfani da shi, makin 100 ne, kuma sai gahawa ta sami 80 ko fiye kafin a kira ta ta musamman, sunan da wata 'yar kasuwa a Amurka mai suna Erna Knutsen ta fara amfani da shi a 1974.

Lokacin da farashi ya faɗi warwas

Duk wannan aiki da muka lissafa, manomi guda mai rabin hekta ba zai iya shi kaɗai ba. Ba shi da injin ɓarewa, ba shi da kwarmin wanki, kuma abin da zai tsinka a shekara ba zai cika ko kusurwar kwantena ba. Don haka a da sai ya sayar wa ɗan baranda a bakin hanya, shi kuma ya sayar wa babban dillali, a cakuɗa mai kyau da marar kyau a kai gwanjo a Adis Ababa ko Dire Dawa. Wanda ya wahala ya zaɓi jajaye da wanda ya sharɓe reshe gaba ɗaya, farashi ɗaya ake ba su, to wa zai wahalar da kansa?

Lamarin ya ƙara taɓarɓarewa bayan da yarjejeniyar ƙasa da ƙasa da ke ƙayyade yawan gahawar da kowace ƙasa za ta fitar ta rushe a watan Yulin 1989. Ƙasar Biyetnam ta shigo da ƙarfinta har ta zama ta biyu a duniya, Barazil ma ta ƙara yawan nomanta, kaya suka yi wa kasuwa yawa. Farashin da ya taɓa haura dala 3 a kan kowace laba a kasuwar birnin New York a 1997, sai ga shi a 2001 ya faɗo ƙasa da santi 50. A ƙauyukan Habasha an cire yara daga makaranta, an sayar da dabbobi, a yankin Harar kuma manoma da dama suka tumɓuke itatuwan gahawa suka maye gurbinsu da ganyen kat, wanda ake taunawa domin ya ƙara kuzari, tun da shi ana yankarsa sau da yawa a shekara kuma kuɗinsa hannu da hannu ne.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka

Kafa ƙungiyar gama-kai bai zo wa manomin Habasha da sauƙi ba, domin wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. A zamanin mulkin soja na Darg, daga 1974 zuwa 1991, an tilasta wa manoma shiga ƙungiyoyin da gwamnati ke juyawa, tana karɓar amfanin gona a farashin da ta ga dama, kuma da gwamnatin ta faɗi da yawansu suka watse. Sai a 1998 aka yi sabuwar doka da ta ce shiga ƙungiya ganin dama ne, kuma membobi su ke zaɓar shugabanninsu.

A shekarar 1999 ƙananan ƙungiyoyi 34 masu membobi sama da 22,000 suka haɗu suka kafa Gamayyar Ƙungiyoyin Manoman Gahawa ta Oromiya, ƙarƙashin jagorancin wani jami'in aikin gona mai suna Tadesse Meskela. Manoman Sidama suka kafa tasu gamayyar a 2001, na Yirgachefe kuma a 2002. Babbar nasarar da suka fara samu ita ce iznin da gwamnati ta ba su na sayar da kayansu kai tsaye ga masu saye na ƙetare ba tare da bi ta gwanjo ba.

Tsarin hawa biyu ne. Ƙaramar ƙungiya ta ƙauye ita ke da masarrafa da gadajen shanya, ita ke karɓar jajayen 'ya'ya daga membobi, ta auna, ta biya, ta rubuta a littafi, kuma tana da ikon mayar wa mutum da kayansa idan ya kawo ɗanyu. Gamayya kuma ita ke casa da tacewa da neman kasuwa da lodi zuwa tashar jiragen ruwa ta Jibuti, tun da Habasha ba ta da gaɓar teku. A tsarin gamayyar Oromiya, kashi 70 cikin 100 na ribar da aka samu yana komawa ga ƙananan ƙungiyoyi, su kuma su raba kashi 70 na abin da ya zo musu ga membobi gwargwadon kilon da kowa ya kawo. Wannan biya na biyu, wanda ke zuwa watanni bayan kaka, shi ne abin da ɗan baranda ba ya bayarwa.

Haɗin kan ya kuma ba su damar samun takardun shaidar da manomi ɗaya ba zai iya biyan kuɗinsu ba, kamar shaidar noma ba tare da takin zamani ko maganin feshi ba, da kuma ta Fairtrade, wadda ke tabbatar da mafi ƙarancin farashi. A farkon shekarun 2000, lokacin da kasuwa ke ƙasa da santi 50, tsarin na Fairtrade yana biyan dala 1.26 a kan laba. A watan Agustan 2023 an ɗaga mafi ƙarancin farashin wankakkiyar arabika zuwa dala 1.80, ban da ƙarin santi 20 da ake warewa domin ayyukan al'umma. Da irin wannan ƙarin kuɗi ne ƙungiyoyin suka gina azuzuwan makarantu da ɗakunan shan magani da rijiyoyi a ƙauyukansu. Fim ɗin nan mai suna Black Gold, wato baƙin zinare, wanda wasu 'yan'uwan juna 'yan Ingila, Marc da Nick Francis, suka fitar a 2006, ya bi Tadesse Meskela a tafiye-tafiyensa na neman masu saye, kuma ya sa jama'a da dama a Turai da Amurka suka fara tambayar inda kuɗin kofinsu ke tafiya.

Rigima a kan suna

Da gahawar ta yi suna, sai wata tambaya ta taso: shin sunan na wane ne? A shekarar 2005 ofishin kare haƙƙin mallakar fasaha na Habasha, wanda Getachew Mengistie ke shugabanta a lokacin, ya nemi a yi wa sunayen Yirgachefe da Sidamo da Harar rajista a Amurka a matsayin tambarin kasuwanci mallakar ƙasar. An amince da Yirgachefe a 2006, amma na Sidamo ya ci karo da cikas, domin kamfanin Starbucks ya riga ya shigar da tasa takardar neman rajistar wata gahawa mai ɗauke da sunan Sidamo, wadda ya riƙa sayarwa dala 26 kowace laba. Ƙungiyar kamfanonin gahawa ta Amurka ita ma ta nuna rashin amincewarta.

A watan Oktoban 2006 ƙungiyar agaji ta Oxfam ta shiga maganar, inda ta zargi kamfanin da hannu wajen toshe buƙatar Habasha, ta kuma ƙiyasta cewa ƙasar za ta iya samun ƙarin dala miliyan 88 a shekara idan ta mallaki sunayen. Kamfanin ya musanta zargin, yana mai cewa akwai hanyar da ta fi rajistar tambari amfani ga manoma. Bayan da dubban mutane suka aika wa kamfanin da saƙonnin koke, ɓangarorin biyu suka sa hannu a kan yarjejeniya a watan Yunin 2007, inda Starbucks ya amince da cewa sunayen mallakar Habasha ne. Ƙasar ba ta nemi a biya ta kuɗin amfani da sunayen ba, abin da ta nema shi ne duk mai sayar da gahawar ya karɓi lasisi kuma ya bayyana sunan a jikin kayansa.

Ba a daɗe da wannan ba sai wata matsalar ta ɓullo daga cikin gida. A 2008 gwamnati ta buɗe kasuwar musayar amfanin gona ta zamani a Adis Ababa ƙarƙashin masaniyar tattalin arziki Eleni Gabre-Madhin, aka kuma wajabta wa 'yan kasuwa su bi ta nan. Kasuwar ta kawo tabbacin biya a kan lokaci da bayyana farashi a fili, sai dai ana haɗa gahawar masarrafai daban-daban a rumbu guda bisa yanki da daraja, ta yadda mai saye ba zai san ƙauyen da kayansa suka fito ba. Gamayyar ƙungiyoyin manoma suna cikin 'yan ƙalilan da aka bari su ci gaba da fitarwa kai tsaye, don haka na kusan shekara goma duk mai neman gahawar da aka san asalinta, ƙofarsu yake ƙwanƙwasawa. A 2017 aka sassauta dokar, aka ba masu masarrafa da manoman da ke da hekta biyu ko fiye damar fitar da kayansu da kansu. Sakamakon haka ya fito fili a 2020, lokacin da aka fara gudanar da gasar Cup of Excellence a Habasha, inda aka shigar da samfura sama da 1,400. Wani manomi daga Sidama mai suna Nigusse Gemeda ne ya zo na ɗaya da busasshiyar gahawa mai maki sama da 91, aka kuma sayi kowace laba a kan dala 185.10 a gwanjon da aka yi ta intanet.

Inda gizo ke saƙa

Kada mai karatu ya ɗauka cewa kakar manoman ta yanke saƙa. Irin wancan farashi na gasa 'yan buhuna kaɗan ne ke samunsa, kuma har yanzu ƙaramin kaso ne na gahawar Habasha ke fita ta hannun ƙungiyoyin gama-kai. Babbar matsalarsu ita ce jari. A lokacin kaka ana bukatar tsabar kuɗi kowace yamma domin biyan masu kawo kaya, kuma idan rancen banki ya makara, ko da akwai bankin ƙungiyoyin gama-kai na Oromiya da ya fara aiki a 2005, sai memba ya ɗauki kwandonsa ya kai wa ɗan kasuwa mai zaman kansa da ke biya nan take. Mai yara a makaranta da marar lafiya a gida ba zai jira ribar da za ta zo bayan wata shida ba. Tun bayan sassaucin 2017 gasar sayen jajayen 'ya'ya ta ƙara zafi, abin da ya yi wa manomi daɗi ta fuskar farashi, amma ya matse ƙungiyoyin da ba su da ƙarfi. Inda kuma shugabanni suka yi wasa da amana ko aka daina karanta wa membobi lissafi, nan da nan jama'a ke janye jiki.

Akwai kuma waɗanda ba su da gona sam, wato 'yan ƙodago masu tsinka da matan da ke wuni a bakin gadajen shanya. Wani bincike da masana daga makarantar SOAS ta Jami'ar Landan suka fitar a 2014 ya gano cewa a wuraren da suka duba a Habasha da Yuganda, ladan irin waɗannan ma'aikata a yankunan da ke da shaidar Fairtrade bai kai na wasu wuraren da ba su da ita ba. Hukumar Fairtrade ta yi jayayya da yadda aka yi kwatancen, amma binciken ya tuna wa kowa cewa ribar memba daban, ladan ɗan ƙodago daban.

Ƙasa ma tana ƙaranci. Yankin Gedeo na cikin yankunan karkara mafi cunkoson jama'a a Habasha, gona tana ƙara tsukewa duk lokacin da aka raba gado, kuma rikicin da ya ɓarke a kan iyakar Gedeo da Guji a 2018 ya raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Ga kuma sauyin yanayi. Wani bincike da masana na lambun tsirrai na Kew da ke Ingila tare da takwarorinsu na Habasha suka wallafa a 2017 ya nuna cewa kashi 39 zuwa 59 cikin 100 na wuraren da ake noman gahawa a ƙasar na iya daina dacewa da ita kafin ƙarshen wannan ƙarni, sai fa idan an matsa da noman zuwa tudun da ya fi tsayi, an kuma kiyaye itatuwan inuwa.

Na baya-bayan nan shi ne dokar da Tarayyar Turai ta zartar a 2023, wadda ta ce duk gahawar da za ta shiga kasuwarta sai an nuna, ta hanyar na'urar tauraron ɗan Adam, ainihin gonar da ta fito, da hujjar cewa ba a sare daji domin yin gonar ba bayan ƙarshen shekarar 2020. An tsara fara aiki da ita a ƙarshen 2024, daga baya aka ɗage. Ga ƙasar da ke da miliyoyin ƙananan gonaki, kuma Turai ke sayen kaso mai tsoka na kayanta, wannan ba ƙaramin aiki ba ne. A nan ma wanda sunansa ke cikin littafin ƙungiya ya fi wanda ke sayarwa a bakin hanya damar tsallakewa, domin ƙungiya ta san membobinta da inda gonakinsu suke.

Duk da haka kuɗi na shigowa. A watan Fabrairun 2025 farashin arabika ya haura dala 4 a kan laba a New York, kuma a shekarar kuɗi ta 2024 zuwa 2025 Habasha ta ba da sanarwar samun sama da dala biliyan 2.6 daga gahawa, adadin da ba ta taɓa samu ba kafin nan. Sai dai waɗanda suka ga 2001 sun san cewa farashi hawa da sauka gare shi.

Abin da ya shafe mu

Mu ma a wannan yanki namu akwai tudun da arabika ke yi. A Kamaru ana noma ta a tsaunukan jihohin Yamma da Arewa maso Yamma, kuma gamayyar ƙungiyoyin manoma ta UCCAO da ke Bafusam ta girmi ta Oromiya da shekara arba'in da ɗaya, domin tun 1958 aka kafa ta, sai dai noman gahawar ƙasar ya ja baya ƙwarai tun bayan faɗuwar farashi da janye hannun gwamnati a shekarun 1990. A Nijeriya kuwa akwai tsaunin Mambila a Jihar Taraba, mai tsayin kimanin mita 1,600, inda ake noman arabika kuma cibiyar binciken koko ta ƙasa ke da reshe a Kusuku.

Tudu da ruwan sama kyauta ce daga Allah, kuma Ya ba waɗannan wurare daidai gwargwado. Abin da manoman Yirgachefe da Sidama suka ƙara a kai abu ne da kowace ƙungiya za ta iya: ƙin karɓar ɗanyen kaya ko na wane ne, shanya a kan gado maimakon ƙasa, rubuta kilon kowa a littafi, da raba riba a bainar jama'a. Muna kira ga hukumomin aikin gona da bankuna da su dubi batun ba irin waɗannan ƙungiyoyi rance kafin kaka ta kama, domin a nan ne ko na Habasha suke tuntuɓe. Su kuma manoma su riƙa halartar taron ƙungiyarsu suna tambayar lissafi. Allah Ya sa wa noma albarka, Ya ba mai gumi haƙƙin guminsa.